IRI DA DASHE: JARIN DA ZAKIRAI TAKE JIRA DAGA 'YA'YANTA

Jawabin da aka gabatar a taron shekara-shekara na ƙungiya



Mai girma shugaban taro, iyayenmu masu riƙe da sarautun gargajiya, malamanmu, shugabannin wannan ƙungiya, iyayenmu mata, da 'yan uwa da suka yi tattaki daga Kano, Kaduna, Abuja, Legas, Fatakwal da sauran wurare, ina yi muku barka da zuwa gida. Ina kuma godiya ga kwamitin shirya taro da ya ga dacewar a ba tsohon malamin makaranta damar yin magana a kan noma, alhali ga manoma na gaskiya zaune a gabansa. Batun da aka ɗora mini shi ne binciken da masana suke yi a kan kyautata iri, da yaɗa itatuwa ta hanyar dashe, da renon furanni, da kuma amfanin da garinmu zai iya samu daga wannan bincike.

Gona ba ta haihuwa

Bari mu fara da lissafi. Ƙidayar shekarar 2006 ta nuna cewa Ƙaramar Hukumar Gabasawa, wadda Zakirai ce hedikwatarta, tana da mutane fiye da 200,000 a kan ƙasa mai faɗin murabba'in kilomita 605, wato kusan mutum 350 a kowane murabba'in kilomita. Tun daga wannan lokaci an yi ta haihuwa, amma ƙasar ba ta ƙaru da ko taku ɗaya ba. Mutumin da ya bar gona eka goma ga 'ya'ya biyar, kowannensu ya tashi da eka biyu. Idan su ma suka bar wa nasu 'ya'yan, abin da zai isa hannun jika bai wuce filin da za a ɗaure akuya ba. Da yawa daga cikinku wannan lissafi ne ya kai ku birni.

Masanin nan ɗan Ingila, Farfesa Michael Mortimore, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello da Jami'ar Bayero, ya fara nazarin ƙauyukan da ke kewaye da Kano tun a shekarun 1960. Abin da ya ja hankalinsa shi ne yadda ake noma gona ɗaya kowace shekara ba tare da an bar ta ta huta ba, kuma ba ta mutu ba. Ya gano cewa asirin yana cikin takin dabbobi da shara da ake kai wa gona a kan jakuna, da haɗa gero da dawa da wake da gyaɗa a wuri guda, da kuma itatuwan da manomi yake bari a gonarsa yana kula da su. Wato iyayenmu sun daɗe da sanin cewa wanda gonarsa ba za ta faɗaɗa ba, tilas ya nemi ƙari daga taki, ko iri, ko itace. Takin zamani kuwa kowa ya san inda farashinsa ya kai. Iri da dashe su ne ƙofofi biyu da suka fi sauƙin buɗewa, kuma a kansu zan tsaya.

Darasin da gyaɗa ta koya mana

Bayan jirgin ƙasa ya fara aiki tsakanin Kano da Legas a 1912, gyaɗa ta zama dukiyar ƙasar Kano, har aka riƙa tara buhunanta ana yin dala. Dattawan da ke nan sun san yadda kuɗin gyaɗa ya biya haraji, ya yi aure, ya sayi keke. Sai fari ya zo a farkon shekarun 1970, sannan a 1975 cutar da masana suke kira rozet ta sauka. Darɓa ce take ɗaukar ta daga wannan shuka zuwa waccan, sai ganye ya ƙanƙance, ya cure, gyaɗa ta ƙi yin 'ya'ya. A wannan shekara kaɗai ta lalata kimanin hekta 700,000 a Arewacin Nijeriya. Akwai wasu dalilai da suka taimaka wajen rushewar dala, irin su kuɗin man fetur da ya ɗauke hankalin hukuma daga noma, amma abin lura a nan shi ne irin da ke hannun manoma a lokacin ba shi da kariya daga cutar, don haka ta yi masa mummunar ɓarna.

Maganin ya fito ne daga bincike. Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a Zariya, wadda aka kafa a 1922, ta kuma koma ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, ta haɗa hannu da cibiyar ICRISAT, suka samar da nau'o'in gyaɗa masu jure wannan cuta. Daga cikinsu akwai SAMNUT 24 da aka fitar a 2011, wadda take nuna cikin wata uku ko ƙasa da haka. A ƙasa irin tamu, inda damina kan ɗauke ba sallama, waɗannan 'yan makonni su ne bambanci tsakanin cika rumbu da cizon yatsa.

Yadda ake samar da sabon iri

Wasu suna zaton sabon iri daga jirgin sama ake sauko da shi. A gaskiya aikin haƙuri ne da ake yi a gona, kuma wani ɓangarensa a nan kusa da mu ake yin sa. Cibiyar IITA, wadda aka kafa a Ibadan a 1967, ta buɗe reshe a Kano a 1990 domin aikin wake, kuma gonar gwajinta tana Minjibir. Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa noman wake a duniya, Nijar tana bi mata, saboda haka ba abin mamaki ba ne da aka zaɓi Kano.

Mu ɗauki misalin wuta-wuta, wadda wasu ke kira ƙuduji. Wannan ciyawa takan manne wa saiwar wake a ƙarƙashin ƙasa ta tsotse shi, kafin manomi ya gan ta a sama ta riga ta gama ɓarna. Masana sun samo wani wake na gargajiya daga ƙasar Botswana wanda wuta-wuta ba ta iya kama saiwarsa, sai dai ƙwayarsa ƙanana ce, ba wadda za ta yi kasuwa a Dawanau ba. Sai suka aurar da shi da wake mai kyan ƙwaya. Yadda ake yi shi ne, mai bincike ya buɗe furen uwa tun bai buɗe da kansa ba, ya cire sassan namiji da ɗan hantsaki, sannan ya shafa masa garin furen uba. Abin da aka haifa a shuka shi, a zaɓi masu hali nagari daga cikin dubbai, a sake shukawa, a sake zaɓe, shekara bayan shekara, har hali ya tsaya bai canzawa. Daga nan a gwada shi a wurare daban-daban da gonakin manoma, kafin kwamitin ƙasa ya yi masa rajista. Wannan tafiya takan ci shekara takwas zuwa goma. Ta irin wannan hanya aka samu SAMPEA 10 a 2008, wake fari mai saurin nuna, mai jure wuta-wuta.

Dakta B. B. Singh, ɗan ƙasar Indiya da ya jagoranci reshen IITA na Kano shekaru da dama, ya lura da abin da kowane manominmu ya sani, cewa wake ba don ƙwaya kaɗai ake shuka shi ba, harawa ma dukiya ce ga mai tumaki. Don haka aka karkata ga nau'o'in da ke ba da ƙwaya da harawa tare. An kuma gwada tsarin shuka layi biyu na dawa ko gero, layi huɗu na wake, domin wake ya sami rana ya daina zama a inuwar hatsi.

A watan Disamba na 2019 an yi wa SAMPEA 20-T rajista, wanda Farfesa Mohammad Ishiyaku na Samaru ya jagoranci aikinsa. Shi wannan an sa masa ƙwayar halitta ce daga wata ƙwayar bakteriya ta cikin ƙasa, domin ya kare kansa daga tsutsar da ke huda fure da kwanson wake. Masu binciken sun ce yana rage feshi daga sau shida ko takwas zuwa sau biyu. Akwai masu ɗari-ɗari da irin da aka samar ta wannan hanya, kuma haƙƙin manomi ne a gaya masa abin da ake ba shi, ya zaɓa da saninsa. A ɓangaren gero kuma, SOSAT da ake yawan gani a gonakinmu asalinsa daga Mali ne, Cibiyar Binciken Tafkin Cadi ta Maiduguri ta fitar da shi a Nijeriya a 2000.

Inda gizo yake saƙa

To, idan har ana wannan aiki a Minjibir, me ya sa manomi a ƙauyukanmu yake zuwa kasuwa ranar da aka yi ruwan shuka ya auni hatsin ci ya zuba a rami? Amsar ita ce cibiyar bincike ɗan kaɗan take fitarwa. Sai an sami wanda zai karɓi wannan kaɗan ya ninka shi, wani ya sake ninkawa, kafin ya isa kowa. A wannan tsakiyar ne igiyar take tsinkewa, kuma a nan ne ƙungiya irin tamu take da wurin shiga.

Akwai ilmi guda da ya kamata duk wanda yake aiko wa gida da kuɗin iri ya riƙe. Wake da gyaɗa furensu da kansa yake yi wa kansa barbara, saboda haka manomi zai iya ajiye irinsa ya sake shukawa shekara biyu ko uku ba tare da ya lalace ba, muddin bai bari ya gauraya a masussuka ba. Gero kuwa iska ce take ɗaukar garin furensa daga gona zuwa gona, don haka SOSAT ɗin da aka shuka kusa da wani gero, bayan 'yan shekaru sunan ne kawai zai rage. Irin da ake kira haibirid, kamar na tumatir da masara da ake sayarwa a gwangwani ko fakiti, shuka ɗaya yake yi da ƙarfinsa. Wanda ya ɗebi iri daga 'ya'yansa zai ga gona ta fito barkatai. Sannan akwai masu rina hatsin ci da jan launi su zuba a leda su ce ingantacce ne. Kariya daga wannan ita ce a nemi iri mai ɗauke da takardar shaida ta Hukumar Kula da Ingancin Iri ta Ƙasa, a kuma tuntuɓi malamin gona na KNARDA kafin a biya.

Kada kuma sabo ya sa mu yi watsi da tsoho, domin da tsohuwar zuma ake magani. Kanannado da Ɗan Ila a wake, Kaura da Farafara a dawa, kakanninmu ne suka zaɓo su a tsawon zamani, ta hanyar ware zangarniya mafi kyau kowace kaka. Su ma masu kyautata iri ne, ko da ba su riƙe alƙalami ba. IITA tana ajiye da nau'in wake fiye da 15,000 a ma'ajiyarta ta Ibadan, saboda ta san maganin cutar gobe yana iya kasancewa cikin irin da aka raina yau, kamar yadda ya faru da na Botswana.

Dashe da auren itace

Ina roƙon kowa, idan zai koma birni, ya dubi itatuwan da ke gonakin bakin hanya. Kuka da tsamiya da ɗorawa da kanya da gawo, yawancinsu sun girme mu. Ku ƙidaya ƙananan da za su gaje su, za ku ga ba su da yawa, domin akuya da gatari da garma ba sa barin su. Ranar da waɗannan tsofaffi suka faɗi, miyar kuka da daddawa sai an sayo mana daga wata ƙasa.

Yaɗa itace ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Mun san a sari reshen ceɗiya ko zogale ko dashi a kafa a ƙasa da damina ya kama. Amfanin wannan hanya shi ne ɗan yakan ɗauko halin uwarsa sak, abin da ƙwallo ba ya tabbatarwa. Aure kuma mataki ne na gaba. A reni ƙwallon mangwaron gida, mai saiwa mai jure ƙasarmu, har ya kai kaurin fensir. A yanke kansa, a tsaga, a soka reshen mangwaro mai daɗi da aka fiƙe, a tabbatar ɓawo ya haɗu da ɓawo, a naɗe da leda don kada iska da ruwa su shiga. Cikin 'yan makonni sabon ganye zai fito. Mangwaron aure yakan fara 'ya'ya a shekara uku zuwa huɗu, na ƙwallo kuwa sai ya kai shida ko fiye, kuma ba ka san abin da zai ba ka ba. Haka ake yi wa lemo. Dabino shi ma yana da nasa hukunci: idan aka shuka ƙwallo, kusan rabi maza ne za su fito, waɗanda ba sa 'ya'ya, kuma ba za a gane su ba sai bayan shekaru. Shi ya sa masu sani suke cire ɗan da ya tsiro a gindin uwa mai kyau su dasa. Akwai reshen cibiyar NIFOR mai binciken dabino a Dutse, akwai kuma reshen Cibiyar Binciken Kayan Lambu ta Ƙasa, wato NIHORT, a Bagauda. Ita NIHORT an kafa ta a Ibadan a 1975, aikinta kuwa 'ya'yan itatuwa ne da kayan miya da furanni.

Ga itatuwan gona kuma akwai hanyar da ba ta buƙatar ko sisi. A yankin Maraɗi, daga 1983, wani ɗan Ostireliya mai suna Tony Rinaudo ya ja hankalin manoma su daina ƙone tohon da ke fitowa daga tsofaffin kututture lokacin sharar gona. A bar reshe ɗaya zuwa biyar masu ƙarfi, a datse sauran, a kare su. Tunda saiwar tana nan da ranta a ƙasa, itacen yakan tashi da sauri fiye da dashe. An ƙiyasta cewa ta wannan hanya kimanin hekta miliyan 5 suka sake samun itatuwa a kudancin Nijar. Mutanen nan Hausawa ne irinmu, kuma ruwan samansu bai kai namu ba.

Furanni ma sana'a ce

Na san wani zai ce mai neman tuwo ina ruwansa da fure. Amma ku da kuke zaune a birni kun ga masu renon furanni a gefen tituna, kun kuma san kuɗin da ake biyan su idan an gama ginin gida ko ofis. Jarinsu bai wuce ruwa da ƙasa da leda da wuƙa ba. Ƙasar Kenya tana samun kuɗin waje masu yawa daga furen wardi da ake nomawa a gefen Tafkin Naibasha ana kaiwa Turai a jirgin sama. Mu ma muna da namu. Bahaushe ya ce ƙarya fure take ba ta 'ya'ya, kuma wanda ya san itacen ƙariya, mai kumburarren gindi da jan fure a tsakiyar rani, zai ga kamar da ita ake. Wannan itace da muke wucewa ba mu kula ba, masu lambu a Tailan sun yi ta aurar da shi har suka fitar da launuka iri-iri, suna sayarwa a tukwane a duniya. Sai dai ruwan jikinsa dafi ne, a nisanta shi da yara da dabbobi. Lalle kuma yana yin shinge mai ƙamshin fure, ganyensa yana da kasuwa, da reshe ake dasa shi. Zoɓo ma daga furen yakuwa yake fitowa, ana tara shi a Kano da Jigawa ana fitarwa har Meziko.

Shawarwari

Ranka ya daɗe shugaban taro, ga abin da nake ganin ƙungiya za ta iya yi da ƙarfinta.

Na ɗaya, a nemi gona eka biyu ko uku ta aro ko ta haya, a sayo irin wake da gyaɗa na tushe daga Samaru ko IITA, a ninka shi a ƙarƙashin kulawar malamin gona. A ba manoma rancen mudu biyu, su mayar da huɗu da kaka, a ba wasu baɗi. A adana shi a buhu mai leda biyu a ciki, wanda Jami'ar Purdue ta Amurka ta ƙirƙiro, mai kashe ƙwari ta hanyar hana su iska ba tare da an zuba magani ba.

Na biyu, a kafa lambun renon itatuwa kusa da rijiyar burtsatse, a ɗauki nauyin matasa maza da mata su koyo aure da dashe da renon furanni. Bayan Bagauda, akwai Kwalejin Aikin Gona ta Audu Bako a Dambatta, da Cibiyar Noma a Ƙasashe Masu Ƙarancin Ruwa ta Jami'ar Bayero da aka kafa a 2012. 'Ya'yanmu da ke aiki a Kano su ne za su ƙwanƙwasa mana waɗannan ƙofofi.

Na uku, a farfaɗo da gonar makaranta. A zamaninmu ba a ba malami takardar kammala kwalejin horon malamai sai ya san riƙon fartanya, kuma kowane aji yana da kunyarsa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yaron da ya aurar da mangwaro da hannunsa ya ga ya kama, ba zai taɓa kallon noma a matsayin aikin wanda ya rasa abin yi ba.

Na huɗu, a zaga wurin dattawa maza da mata a tattaro irin gargajiya, a rubuta sunan kowanne da halinsa, a riƙa sabunta shi a wani ɓangare na gonar ƙungiya.

Na biyar, duk wanda ya dasa itace a makaranta ko asibiti ko maƙabarta, ya haɗa da kuɗin kewaye shi da na ban ruwa har rani biyu. Mun sha ganin bikin dashen itatuwa da aka yi da safe, akuya ta rufe taro da yamma.

Kammalawa

'Yan uwa, kuna ƙoƙari ƙwarai wajen aiko da buhun hatsi lokacin azumi da kuɗin magani idan ciwo ya zo, kuma iyayenku suna sa muku albarka. Sai dai buhu yana ƙarewa kafin damina ta yi nisa, iri nagari kuwa yana komawa gona kowace shekara, itace kuma yana ciyar da jikan wanda ya dasa shi. Masana sun yi nasu, iliminsu yana nan a Minjibir da Samaru da Bagauda, tafiyar da ba ta kai ta Legas ba. Ruwa na ƙasa sai ga wanda bai tona ba. Ina roƙon kada a tashi daga wannan taro sai an naɗa kwamiti na mutum biyar, da manoma biyu a cikinsu, an kuma ba su wa'adin kawo iri gida kafin ruwan shuka na baɗi.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya mayar da kowa gidansa lafiya.